Sammani Mai Oba-oba da Mutumin Ƙofar Marke

A shekarun da wayar salula ba ta gama ratsa ƙauyukanmu ba, idan wani tashin hankali ya auku tsakanin Kura da Bunkure, gobara ce a rumbu, ko motar tumatir ce ta kife, ko kuwa kanal na ban ruwa ne ya ɓalle ya nufi gonakin bayin Allah, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin kowa: a je a gaya wa Sammani. Shi kuwa Sammanin nan ba likita ba ne, ba ɗan sanda ba ne, kuma bai taɓa kashe wutar da ta fi ta murhun gidansa ba. Ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin ruwa na shiyyarmu. Aikinsa kaf shi ne ya zauna gaban wayar oba-oba, wato rediyon da ake magana ta cikinsa, ya saurara, ya isar da saƙo. Amma an yi shekaru ana ganin in ba ya kan kujerar nan, to shiyyar gaba ɗaya ta kurmance.

Gajere ne, siriri, mai 'yar furfura a gemu, da hular da ta sha wanki har zanenta ya gudu. In kana yi masa magana sai ya karkato maka kunnen hagu, domin na dama ƙugin rediyo ya riga ya cinye rabinsa. Ɗakinsa shi ne na ƙarshe a barandar ofis. Taga ɗaya ce, da tebur ɗaya, da akwatin oba-oba mai launin toka, da batiran mota biyu a ƙarƙashin tebur, sai igiyar da ta fita ta taga ta haye dogon ƙarfen eriya, inda hankaki ke hutawa da hantsi. Kullum ka shiga za ka ji warin ruwan batir haɗe da ƙamshin shayi mai citta.

Matsalar wancan zamani, ga wanda bai riske shi ba, ita ce kowa da tasa wayar. 'Yan sanda da tasu, 'yan kwana-kwana na birni da tasu, masu kula da haɗurran hanya da tasu, ofishin ruwa ma da tasa, kuma babu wadda ke jin 'yar'uwarta. Ƙaramin asibitinmu kuwa ko ɗaya ba shi da ita. Sai ka ga motar kwana-kwana da ta 'yan sanda sun taso daga birni a kan magana ɗaya, suna bin titi ɗaya, amma in ɗaya tana son sanar da ɗayar wani abu, sai dai direba ya leƙo da kai ya ƙwala kira. Saboda haka ta kan Sammani kowa ke bi. Mai gadin wata ƙofar ruwa zai kira shi ta oba-oba ya ce ga hayaƙi ya turnuƙe a ƙauye kaza. Sammani ya hau tsohon kekensa ya taka zuwa ofishin 'yan sanda, ya roƙi mai wayarsu ya kira birni, na birni kuma ya tashi wani ya je ya gaya wa 'yan kwana-kwana. Haka saƙo ke tafiya, daga baki zuwa waya, daga waya zuwa keke, kuma cikin ikon Allah yakan isa.

Ba keken ne ya sa ya yi fice ba. Kowane lungu na shiyyar nan suna uku gare shi. Injiniyoyi sun san shi da lamba, kanal na kaza, ƙofa ta kaza. 'Yan sanda da direbobin birni sun san shi da sunan ƙauyen da ya fi kusa da kwalta. Manoma kuwa babu ruwansu da duk wannan, su sun san Gadar Baballe, da Kwanar Masu Rake, da Tsamiyar Iya, wadda aka sare tun kafin a haifi rabin masu ambaton sunanta. Sammani kaɗai ne ya haddace ukun. Manomi zai shigo a gigice ya faɗi nasa sunan, Sammani ya juya shi zuwa lamba ya ba injiniya, ya sake juya shi zuwa kwatance ya ba direba, ba tare da ya duba takarda ba.

Yana da wata ɗabi'a kuma mai ƙular da masu gaggawa. Duk saƙon da aka faɗa masa, sai ya maimaita shi tukuna, ya ƙara da "na ji", sannan ya motsa. Mutum na tsaye, gidansu na cin wuta, amma sai ya jira Sammani ya karanta masa abin da ya faɗa. Idan an yi ƙorafi sai ya ce shi a wajensa saƙon da ba a maimaita ba, ba a karɓe shi ba, kuma ya taɓa ganin an kai motar asibiti ƙauyen da kowa lafiyarsa ƙalau saboda wani ya yi saurin cewa to. Har gida ya kai wannan hali. Matarsa Tambaya za ta ce, "Malam, gishiri ya ƙare," sai ya ce, "Gishiri ya ƙare, na ji." Takan ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yin magana ta wuce ba a dawo mata da abarta ba.

Cikin masu gadin ƙofofin ruwa da ke kiransa, akwai wanda ya fi kowa, Hammadu na Ƙofar Marke. Ƙofar tana can nesa ta ɓangaren Bunkure, a cikin wani kwari, inda ruwa ke rabuwa ya shiga kanal na bakwai, wanda ke shayar da rabin tumatir da alkamar shiyyarmu. Hammadu shi kaɗai ne a can, daga shi sai 'yar bukkarsa da awakinsa da bishiyar marken da ta ba wurin suna. Batirinsa guda ɗaya ne, hasken rana ke yi masa caji, don haka ba ya barin oba-obarsa a kunne. Sau uku yake kunna ta a yini: ƙarfe takwas na safe, ƙarfe biyu bayan an idar da azahar, da ƙarfe biyar na yamma. A waɗannan lokutan Sammani zai gaya masa a ɗaga ƙofa ko a sauke, shi kuma ya faɗi inda ruwa ya tsaya a jikin ma'auni.

Aikin ke nan a takarda. Amma Hammadu Bafulatani ne, Sammani kuwa jikan Barebari, saboda haka ba a taɓa kashe waya ba a taɓa juna ba.

"Ofis, ofis, Ƙofar Marke ce," Hammadu zai ce. "Bawana, ka tashi lafiya? Ka share wa ubangidanka tsakar gida kuwa? Oba."

"Ƙofar Marke, na ji ka," Sammani zai amsa. "Fillo, ka sauke ƙofa mataki ɗaya, kuma ka daina shayar da awakinka ruwan gwamnati. Oba."

Shekara goma sha tara suna haka, kuma a tsawon wannan lokaci sau biyu kacal suka ga juna. Na farkon ma abin dariya ne. An tara ma'aikata a hedikwata don tantancewa, suka tsaya a layi ɗaya, wannan na bayan wannan, fiye da awa guda babu wanda ya san ɗan'uwansa. Sai da wani dogon mutum a gaban Sammani ya buɗe baki ya tambayi inda ake alwala, sannan Sammani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙofar Marke, na ji ka." Aka ce ranar sun rungume juna suna ta dariya har mai tantancewa ya leƙo ya ce a yi musu magana.

Wajen shekarar 2003 salula ta iso mana sosai. Dillalan tumatir ne suka fara saye, sai masu shinkafa, sai duk wanda amfanin gonarsa ya yi kyau. Aka yi zaton Sammani zai huta, sai ma aikinsa ya ƙaru. Layukan kamfanoni biyu ne a garin, kuma a lokacin kiran wannan da ƙyar yake shiga wancan. Sajan na 'yan sanda na da ɗaya, malamin asibiti na da ɗayan, masu gadin ƙofofi kuwa har lokacin sai oba-oba. Sammani ya ajiye salula biyu a kan teburinsa, kowane layi da tasa. In injiniya yana Kano yana son magana da mai gadi, sai Sammani ya kara bakin salula a bakin oba-oba, ya danna, ya saki, ya danna, ya saki, yana zaune a tsakiya kamar mai raba faɗa, har su gama.

Ɗaya daga cikin wayoyin nan Datti ne ya ba shi. Datti ƙanin Tambaya ne, direban tarakta, mutum mai faɗin ƙirji da yawan surutu, wanda Tambaya ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ya wucewa ta gaban ofis bai tsaya ya tsokani mijin yayarsa ba.

"Yaya, wannan akwatin naka fa gidan tarihi suna cigiyarsa," yakan ce daga kan tarakta. "Duniya ta ci gaba, kai kana nan kana oba-oba da wani Bafulatani a daji!"

"Duniya ta ci gaba, na ji," Sammani zai ce. "Kai dai ka riƙa bin bakin kanal a hankali."

A farkon shekarar 2006 aka kawo sabon injiniya, sunansa Abuzar. Matashi ne mai ladabi da son aiki, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba, kuma babu wanda zai ce ya zo da mugun nufi. Wata safiya ya shigo ɗakin oba-oba ya zauna a kan benci, fuskarsa cike da murna.

"Baba Sammani, jiya mun yi taro a Kano," in ji shi. "Ana shirin haɗa kowa a kan layi ɗaya. 'Yan sanda, 'yan kwana-kwana, asibitoci, masu kula da hanya, har da mu, jiha gaba ɗaya. Mutum ɗaya zai yi magana kowa ya ji. Har saƙo a rubuce za a riƙa turawa."

Sammani ya karkato kunne. "Kowa a kan layi ɗaya, na ji. Allah Ya nuna mana, Injiniya. Ai da ni ma na huta da keke. Yaushe za a fara?"

"Ana kan shiri. Amma kafin nan an ce a tattara tsofaffin oba-oba a mayar hedikwata, a raba wa masu gadin ƙofofi salula. Ɗakin nan za mu zuba taki a ciki. Kai kuma ka koma kula da sito har lokacin ritayarka."

"A tattara oba-oba, na ji," in ji Sammani a hankali. "Ranka ya daɗe, Ƙofar Marke fa babu sabis. Kwari ne. Sai mutum ya hau tudu ya yi tafiya mai nisa kafin waya ta kama."

"Kamfani sun ce za su kafa ƙarfensu a can kafin damina."

"To tsakanin yau da damina, in ruwa ya tashi yin ɓarna, wa zai gaya wa Hammadu ya rufe?"

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce umarni ne daga sama, shi ma ba yadda zai yi. Ba sito ne ya dami Sammani ba, ba kuma kujerar ba. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: wata rana za a buƙaci Hammadu cikin gaggawa, a kira, a ji babu kowa.

Ranar wata Litinin, da ƙarfe biyar na yamma, ya yi kiran ƙarshe. Bayan an gama maganar ruwa sai ya ce, "Fillo, an kawo maka salularka ko? To daga gobe kar ka ƙara wahalar da batirinka. An rufe ɗakin nan. Mota za ta zo ta karɓi akwatinka. Oba."

Akwatin ya yi ƙugi. Can Hammadu ya ce, "Kar in ƙara kunnawa, na ji. To bawana, an 'yanta ka ke nan. Allah Ya sa ka iya zaman kanka. Oba."

Suka yi dariya su biyu, amma ta Sammani ba ta kai ciki ba. Ya kwance wayoyin da hannunsa, ya goge akwatin da gefen rigarsa, ya naɗe shi cikin buhu ya ajiye a lungu kafin motar hedikwata ta zo. Batiran aka kwashe aka kai wani wurin. Igiyar eriya ce kawai aka bari tana reto a taga, don babu wanda ya ga dalilin hawa ƙarfen nan cikin zafin bazara. Washegari aka cika ɗakin da buhunan taki.

Kwanakin da suka biyo baya Sammani ya zama abin tausayi, ko da yake bai yarda ya nuna ba. Yana sito yana miƙa wa manoma taki, amma da ƙarfe takwas ta yi sai ka ga ya duba agogo. Ƙarfe biyu ma haka, ƙarfe biyar ma haka. Tambaya ta ce abinci ma tsakura yake yi ya ture. Ya gwada kiran salular Hammadu sau biyu, wata mata ta ce masa ba a samun mai wannan lamba a yanzu, sai ya haƙura.

A rana ta tara, ranar Laraba, wajen ɗaya da minti ashirin, yana tsugune a bakin baranda yana alwala sai ga wani manomi a kan babur, ya shigo harabar ofis ko birki bai taka da kyau ba.

"Ina Sammani? Tarakta ta faɗa kanal a Gadar Baballe! Datti ne! Ta danne masa ƙafa!"

Abin da ya faru shi ne, Datti ya ɗauko kwandunan tumatir a tirela yana bin hanyar bakin kanal na bakwai. Ashe ruwa ya daɗe yana cin ƙasar wurin ta ciki. Gefen hanya ya zabtare, tarakta da tirela suka kwanta a cikin kanal daf da bakin gada, suka toshe hanyar ruwa. Datti yana zaune a ciki, ƙafarsa ɗaya a ƙarƙashin ƙarfe, ruwa kuwa da ya rasa mafita sai ya fara taruwa yana hawa. Lokacin da mai babur ya taso, ruwan ya kai wa Datti ƙirji.

"Datti ne a kanal na bakwai, ruwa na hawa, na ji," in ji Sammani, ya miƙe bai wanke ƙafa ba.

Injiniya Abuzar ya fito da gudu yana danna lambar Hammadu. Matar nan ta ce ba a samunsa. Ya sake, ta sake faɗa. Ya tashi mai babur ya tafi Ƙofar Marke, amma hanyar bakin kanal ita ce ta zabtare, dole sai an zaga ta kwalta, tafiyar kusan awa guda. Kowa a wurin ya san ruwa ba zai jira awa guda ba.

Sammani bai nemi izinin kowa ba. Ya buɗe tsohon ɗakinsa ya shiga jan buhunan taki, mutumin da ko buhun gero ba ya ɗagawa a gida. Mutane suka kama masa har aka kai ga lungu, ya zaro akwatin daga buhu. Babu batir. Injiniya da kansa ya buɗe gaban motarsa ya kwance nata ya rungumo shi, farar rigarsa duk ta ɓaci. Sammani ya jawo igiyar eriya daga taga ya ɗaura, ya murɗa. Ƙugin nan da aka kwana tara ba a ji ba ya cika ɗakin. Biyu saura kwata.

"Ƙofar Marke, Ƙofar Marke, ofis ne. Oba."

Babu amsa. Ya sake kira, ya sake, ba kowa.

Da ɗaya hannun kuma ya koma tsohon aikinsa. Injiniya ya samu 'yan kwana-kwana a waya yana ta ce musu kanal na bakwai, kilomita uku daga mararraba, su kuwa suna tambayarsa wane gari ne wannan. Sammani ya karɓi wayar. "In kun wuce Kura ku sauka daga kwalta a wajen masu rake, ku yi hagu. Kar ku hau gadar farko, ba za ta ɗauki motarku ba, ku zarce ta biyu. Ku taho da sarƙa mai kauri. Maimaita mini." Ya ɗauki ɗaya salular ya kira sajan ya ce a buɗe musu hanya a kasuwar tumatir, ya kira malamin asibiti ya ce ya tafi da kayan ɗaurin karaya. Tsakanin kowane kira sai ya danna oba-oba ya kira Ƙofar Marke.

Daga Gadar Baballe wani ya bugo ya ce ruwa ya kai wuya. Manoma sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, kowa ya kwaso bututun da yake zuƙo ruwa da shi zuwa gonarsa, an jera su a bakin kanal, an tayar da injinan ban ruwa guda huɗu, ana ta zubarwa cikin gonakin da ko a jiya aka yi rigima a kan wa zai fara sha. Mutum biyu sun shiga sun tallafe kan Datti. Amma abin da ke shigowa ya fi abin da ake kwashewa.

Sai ga Tambaya a bakin ƙofa, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙyaure ta ce, "Malam, Datti ne fa."

"Datti ne, na ji," ya ce, bai iya kallonta ba.

Injiniya ya matso ya rage murya. "Baba, anya zai kunna? Ai an gaya masa ya daina."

"Ni na gaya masa," in ji Sammani. "Da bakina na gaya masa, kuma ya maimaita."

Wannan ne ya fi ci masa rai. Ya san Hammadu, mutum ne da in ya ce ya ji, to ya ji. Ya zuba wa agogon bango ido. A masallacin ofis aka tayar da salla aka idar, ranar kaɗai aka taɓa ganin Sammani bai bi jam'in azahar ba. Ƙarfe biyu ta buga. Ya kira, shiru. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan tebur, bakinsa na motsi da addu'a.

Sai akwatin ya yi ƙaras, ƙugin ya yanke. Wata murya ta fito a sanyaye, irin ta mai magana shi kaɗai.

"Ofis, ofis, Ƙofar Marke ce. Bawana, ko kana kusa? Oba."

Tambaya ta zame ta zauna a ƙasa. Sammani ya damƙi abin magana da hannu biyu.

"Ƙofar Marke, ofis ne! Hammadu, rufe ƙofar kanal na bakwai ruf, ka buɗe ta zubarwa. Mutum ne a cikin ruwa a Gadar Baballe. Oba!"

Shekara goma sha tara bai taɓa kiransa da sunansa a waya ba, kuma Hammadu ya gane abin da hakan ke nufi. "In rufe ta bakwai ruf, in buɗe ta zubarwa, na ji," ya ce, ko oba bai tsaya faɗa ba.

Ƙarfen murɗa ƙofar nan nauyi gare shi, a ƙa'ida a hankali ake sauke ta, ana hutawa. Hammadu ya haura sittin a lokacin. Yadda ya yi, shi da Allahnsa suka sani. Ruwan da ya riga ya wuce ƙofa ya ci gaba da zuwa har kusan minti goma sha biyar, ya taɓa haɓar Datti, har an riƙe guntun bututu a kusa da bakinsa ko za a kai ga buƙata. Sannan ya tsaya. Can wani ya nuna tayar tarakta ya yi kabbara, domin jiƙaƙƙen layi ya bayyana a jikinta a saman ruwa, alamar ruwan ya fara ja. Wajen ƙarfe uku 'yan kwana-kwana suka iso ta gada ta biyu, aka haɗa sarƙarsu da wata taraktar aka ɗaga, aka zaro Datti da ƙafa a karye wuri biyu. Mai babur kuwa da ya isa Ƙofar Marke biyu da rabi ta gota, ya tarar ƙofa a rufe, Hammadu na kwance a gindin marke yana haki, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Datti yana nan da ransa, yana ɗingishi, kuma surutun bai ragu ba, sai dai bai ƙara ambaton gidan tarihi ba. Injiniya Abuzar ya rubuta wa hedikwata cewa akwatuna biyu za su zauna har sai an kafa ƙarfen sabis a kwarin, ya sa aka fitar da takin a ranar. Ƙarfen bai zo kafin damina ba, sai bayan damina biyu. Layi ɗayan nan na jiha gaba ɗaya kuwa, har Sammani ya yi ritaya ya koma noman albasa ana ce masa ana kan shiri, shi kuma kullum yana cewa Allah Ya nuna mana, da zuciya ɗaya. Hammadu ya rasu a shekarar 2009. Zuwa ta'aziyyarsa ne ya kai Sammani Ƙofar Marke karo na farko a rayuwarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon bishiyar da ya shekara ashirin yana kiran sunanta.

Amma in ka zauna da shi a gonar albasa ka tambaye shi labarin ranar, ba ya daɗewa a kan tarakta ko sarƙa. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne ƙarfe biyar na yammacin Larabar. Mutane sun watse, an tafi da Datti asibiti, Tambaya ta bi su, ya rage shi kaɗai a ɗakin, garin taki duk ya bi masa jiki. Akwatin ya yi ƙaras a kan lokaci.

"Ofis, Ƙofar Marke ce. Mutumin ya fita? Oba."

"Ya fita da ransa, alhamdu lillahi. Ƙanin maiɗakina ne. Allah Ya saka maka da alheri." Sannan Sammani ya ce, "Fillo, in tambaye ka. Na ce maka kar ka ƙara kunnawa, ka ce ka ji. Me ya sa ka kunna yau? Oba."

Hammadu ya yi 'yar dariya, muryarsa a gajiye.

"Yau? Ai ban fasa ba ko sau ɗaya. Kwana tara ke nan, safe da rana da yamma, sai na kunna na kira ka. Na san an rufe ɗakin. Na ce dai ko Allah zai sa wata rana ka bi ta wajen, ka ji ana nemanka. Oba."

Sammani ya danna abin magana. Ya buɗe baki zai mayar da saƙon kamar yadda ya saba yi wa kowa tun yana saurayi, sai maganar ta ƙi fitowa. Ya riƙe, ya riƙe, hawaye na bin gemunsa, har yatsansa ya gaji ya saki.

Ƙugi ya ɗan yi, sannan muryar ta dawo daga cikin kwari, a hankali.

"Bawana, ba ka maimaita ba. Oba."